Bangon Silinda

A Semarang, bayan kasuwar kifi,
inda ruwan teku kan hau titi da yamma,
nan garejina yake, shekara talatin da huɗu.
Sunana Darmaji. Sabulu ya daina faɗa da farcena.

Tegar ya turo babur ɗin uwarsa,
ɗan shuɗi mai kwando a baya,
wanda ke kai awara kasuwa kafin assalatu.
Ya ce, "Baba, a ƙara masa wuta.
Daren Asabar akwai tsere a titin tashar jirgin ruwa,
kuma Wulan za ta zo kallo."

Na ce, zauna, ga shayi.
Na jawo tsohuwar silinda daga ƙarƙashin benci,
na ɗaga ta ga hasken ƙofa.
Ka ga kaurin bangon nan?
Duk dukiyar injin ke nan, ba shi da wata ajiya.
In na fafe shi kamar ƙwarya
na zura fistin mai faɗi,
zai yi gurnani, zai zuƙi mai,
allura za ta wuce inda ta saba tsayawa.
Amma abin da na kankare ba ya tsirowa.
Ƙarfe ba gashi ba ne.

Zafin da ya ƙaru, ina za shi?
Fanka ɗaya ce, 'yar mitsitsiya,
an yi ta don mai tafiya a arba'in.
Boris da aka auna wa juyi dubu bakwai
ka ce ya yi dubu sha ɗaya:
zai yi, tunda ba shi da bakin musu,
amma yana ƙirgawa.

Akwai abin da zan yi maka da zuciya ɗaya.
In wanke kafireta, in sauya bel,
in daidaita iska da fetur
har fulogi ya fito da launin soyayyiyar gyaɗa.
Zai riƙa zabura a danja.
Iyakar ke nan.
Duk gudun da ya wuce wannan, daga shekarunsa za a cira.

Ya shanye shayin. Ya yi godiya.
Ya tura babur tsallaken gada, wurin Yanto
mai fitilu kala-kala, wanda ba ya tambaya.

Mako uku ina jin wucewarsa,
salansa a buɗe, kamar ana yage sabon yadi.
Ba zan yi ƙarya ba, kunnena ya ji daɗi.
Ni ma na taɓa zama ɗan sha tara;
tabon yana nan a gwiwata ta hagu.
An ce ya zo na biyu. An ce Wulan ta tafa.

Ran Laraba, cikin ruwan sama, a hawan Gombel,
injin ya yi tari ɗaya, ya ƙame.
Ba shi ne a kai ba.
Sarmi ce, uwarsa, da awarar yini guda.
Kilomita huɗu ta turo shi, takalmi ɗaya a hannu.

Na buɗe.
Kan fistin ya huje, ɗan yatsa zai shiga.
Zobba sun manne, bakin mai na ƙyalli da garin ƙarfe.
Garin neman ƙiba.
Tegar na tsaye a ƙofa, ruwa na zuba daga gashinsa.
Ban ce na gaya maka ba.
Ƙarfen ya riga ni.

Na miƙa masa sufana mai lamba goma.
Wata biyu zai yi mini, kuɗin sabuwar silinda,
daidai awon da ta zo da shi daga kamfani.
Yana da hannu, yaron.
Ya fara gane noti yana gab da cewa ya isa.

Babur ya koma aikinsa, ba hayaniya,
ƙarfe huɗu na asuba yakan wuce ta nan a arba'in.

Jiya na tarar da shi bayan benci
yana kallon hoton wani fistin mai faɗi a waya.
Ya kife ta da sauri.
Na yi kamar ina neman tsumma.